Lambar Yaƙin Asante ko Tauraron Bama: Wanne Ɗan Zongon Kumasi Zai Fara Tarawa?

Duk wanda ya kamu da sha'awar tara tsofaffin lambobin yaƙi a Kumasi, abin nan da dattawa ke ce wa minda, ba ya yin nisa sai ya tarar hanya ta rabu biyu. Ko dai ya bi lambobin da Turawan Ingila suka raba bayan yaƙe-yaƙensu da Asante, daga 1874 zuwa 1900, ko kuwa ya bi na yaƙin duniya na biyu, musamman tauraron Bama (ƙasar da ake kira Myanmar a yau) da kakanninmu suka dawo da shi. Aljihun yawancinmu ba zai ɗauki duka biyun ba, kuma ko da zai ɗauka, kowace hanya da irin haƙurin da take nema da irin sanin da take bukata. Akwai wata ta uku a tsakaninsu, ta yaƙin 1914, wadda ba a cika waiwayarta ba, amma a bari sai mun iso wurin.

Ni abin da nake auna lamba da shi guda ɗaya ne: za a iya gano mutumin da aka ba ita? Tsufa da nauyin azurfa da kyan zane duk suna biyo baya. Lambar da ba a san mai ita ba ƙarfe ce mai tarihi, amma tarihin Turawan da suka buga ta kawai take ɗauke da shi, ba na wanda ya yi tafiyar ƙasa ya sha ruwan harsashi ba.

Lambobin Asante uku ne, kuma bai kamata a zuba su a kwando ɗaya ba.

Ta farko ita ce ta yaƙin 1873 zuwa 1874, wanda mutanen gari ke kira Sagrenti, lokacin da Janar Garnet Wolseley ya ƙetare kogin Pra, aka gwabza a Amoafo ranar 31 ga Janairu, ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu 1874, aka kwashe kayan fada aka sa wa garin wuta. Azurfa ce, da kan Sarauniya Biktoriya a gaba, a baya kuma hoton artabu a cikin kurmi. Ƙyallenta rawaya ne da ratsin baƙi. Waɗanda suka kai ga faɗan shiga gari an ƙara musu wani ɗan ƙarfe a gicce a kan ƙyallen, an rubuta Coomassie, wato Kumasi a rubutun Turawan lokacin. Ana rubuta sunan mai ita a gefenta. Sai dai yawancin waɗanda ke fitowa gwanjo na sojan Ingila ne, irin su rundunar Black Watch da ma'aikatan jiragen ruwa, da na sojan da aka kawo daga tsibiran Karibiyan. Hausawa sun yi wannan yaƙi, domin Kyaftin John Glover ya taso da su ta wajen kogin Volta, amma wanda ya ce sai lambar ɗaya daga cikinsu zai saya, to ya shirya dogon jira.

Ta biyu tauraro ce ta 1896, ta tagulla, an rubuta From the Queen a bayanta. Kimanin dubu biyu aka buga. Ba a yi faɗa ba a wannan tafiya: Francis Scott ya shigo Kumasi a watan Janairu, aka kama Asantehene, wato sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, aka kai shi Elmina, daga nan Saliyo, daga bisani tsibirin Seshel, bai dawo ba sai 1924. Zazzaɓi ne ya yi wa Turawan ɓarna, har ya kashe surukin Sarauniya, Yarima Henry na Battenberg. Wannan tauraro an raba ta ne ba suna, ban da wata rundunar Ingila da kwamandanta ya sa aka rubuta wa mutanensa. Ga ƙaranci, ga tsada, ga rashin suna, ga kuma jabunta da yawa. Sabon shiga ya wuce ta kawai.

Ta uku ita ce ta 1900, kuma a nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Gwamna Frederick Hodgson ya zo Kumasi a ƙarshen Maris ya nemi a kawo masa kujerar zinariya, alamar sarautar Asante, Yaa Asantewaa ta Ejisu ta tayar da maza, aka yi wa ganuwar Turawa ƙawanya. Gwamnan ya fasa ya fita ranar 23 ga Yuni, ya bar soja ɗari da 'yan kai a ciki cikin yunwa da cuta, sai ranar 15 ga Yuli Kanar James Willcocks ya iso da agaji. Ba a kawo wata runduna daga Ingila ba a wannan karon. Hafsoshi ne Turawa, amma masu riƙe da bindiga baƙar fata ne daga nan Gold Coast, wato Gana ta yau, da Legas da Arewacin Najeriya da Saliyo da Afirka ta Tsakiya, sai 'yan Sikh kaɗan daga Indiya. Saboda haka sunan da za ka gani a gefen wannan lamba, mafi yawan lokuta, irin namu ne. Kan Sarki Edward na Bakwai ne a gaba, zaki da garkuwa da masu a baya, ƙyalle baƙi da kore. Ta azurfa aka ba mayaƙa, ta tagulla 'yan dako. Wanda ya kasance cikin ganuwar ko cikin masu kai ɗauki yana da ƙarin ƙarfe mai rubutun Kumassi.

Su wane ne waɗannan Hausawa na Turawa? Glover ya fara tara su a Legas tun 1863, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu. A 1879 aka kafa rundunar 'yan sanda masu ɗamarar soja ta Gold Coast, wadda a 1901 ta koma cikakkiyar rundunar soja. Hausa ce harshen bariki, taken rundunar ma Kullum Shiri. Amma a littafin Bature, duk wanda ya fito daga arewa yana jin Hausa to Bahaushe ne, ko Bazabarme ne, ko Bamoshe, ko Bagurunshe, ko Badagombe. Akawun ɗaukar soja kuma ba ya tambayar sunan uba; sai ya rubuta sunan yanka ya liƙa masa gari ko ƙabila: wane Kano, wane Sakkwato, wane Moshi, wane Dagarti, wane Wangara. Wannan ita ce matsalar lambar 1900. Sunan yana nan a jiki, lambarsa ta soja tana nan, ana iya samun sa a kundin rabon lambobi da ke ma'ajiyar takardun gwamnatin Ingila a Kew, amma daga nan sawu ya ɓace. Musa nawa ne suka zo daga Kano a wancan zamani? Ba hoto, ba jika da zai ce wannan kakana ne.

Sannan akwai abin da dillalin Landan ba zai taɓa kawowa a ransa ba, amma mu dole mu kawo. A Kumasi muke zaune, a ƙasar Tonawa, wato mutanen Asante, sarakunan Zongo suna zuwa gaisuwa Manhyia, fadar Asantehene. A 2024, shekara 150 bayan Sagrenti, aka dawo da wasu kayan zinariyar da aka kwashe, wasu kyauta daga wani gidan tarihi na Amurka, wasu aro daga gidajen tarihin Landan, mutane suka yi ta tururuwar zuwa gani. Miki ne da bai gama warkewa ba. Ban ce haramun ne mutum ya mallaki lambar 1900 ba. Tarihi ne, kuma tarihin yana da fuska biyu, domin tun kafin zuwan waɗannan sojoji akwai malamai Musulmi a fadar Asantehene suna rubuta masa wasiƙu da layun da ake ɗinkawa a rigunan yaƙi. Turawan da suka ziyarci Kumasi a 1817 sun tarar da su. Namu suna ɓangarorin biyu ke nan. Amma wanda zai rataye wannan lamba a falonsa ya tabbata yana da bakin da zai yi wa maƙwabcinsa Batone bayani, ba da alfahari ba.

Kuɗinta kuma ba na wasa ba ne. A gidajen gwanjo na Landan irin su Noonans da Spink, ɗaruruwan fam ake magana, kafin ladan gwanjo da kuɗin aikowa da abin da kwastan za su karɓa. A mayar da wannan sidi a gani.

Sai tauraron Bama. Kimanin mutum 65,000 daga Gold Coast suka shiga yaƙin duniya na biyu. Na farkonsu sun tafi Afirka ta Gabas a 1940 suka yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha. Barikin Uaddara da ke nan Kumasi sunan wani fagen daga ne na Habasha a 1941. Daga baya aka haɗa runduna biyu manya ta Afirka ta Yamma aka tura su Bama su kara da Japan. Ta 81 tana da tambarin gizo-gizo baƙi a kan rawaya, wato Ananse na Tonawa, wanda ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taso da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ta 82 kuwa masu biyu ne a gicce a kan gammo, don ba a manta da 'yan dakon da suka ɗauki kayan yaƙi a ka cikin duwatsun da mota ba ta shiga ba. Kwarin Kaladan a 1944, garin Myohaung a Janairun 1945, yankin Arakan: duk sunayen barikoki ne a Gana yau, babbar hedikwatar soja a Accra ma sunan Bama take amsawa.

Wanda ya je ya dawo yakan sami jerin lambobi, ba guda ɗaya ba: tauraron 1939 zuwa 1945, tauraron Bama mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefe, da zagayayyiyar lambar yaƙi mai kan Sarki George na Shida. Wanda ya fara da Habasha yana da tauraron Afirka a tsakani. Idan ka ga na Afirka da na Bama a jere a kan fil ɗaya, to mai su tsohon hannu ne, ya ga yaƙi biyu a nahiya biyu.

Ga inda gizo ke saƙar: gwamnatin Ingila ba ta rubuta suna a jikin waɗannan ba. Ostireliya da Afirka ta Kudu sun rubuta wa nasu, namu kuwa haka aka miƙa musu su fayau. An buga su da yawan gaske, don haka tauraron Bama shi kaɗai ba ya wuce 'yan gomomin fam a Ingila, kuma ba yadda za ka bambanta na saje daga Aboabo da na wani akawun Bature da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba. Zagayayyiyar ma ba azurfa ba ce, gaurayen ƙarfe ne mai haske. Wanda ya sayi tauraro tsirara a hannun mai kayan gargajiya, ko a Kumasi ko a Accra, bai sayi komai ba sai tagulla.

Abin da ke ba shi daraja takarda ce da baki. Littafin sallama shi ne kan gaba: a ciki akwai suna, da lambar soja wadda ta mutanen Gold Coast ke farawa da harufan GC, da bataliya, da ranar shiga da ta fita, da shaidar halinsa. Sai hoto da kaki, sai katin ƙungiyar mazan jiya, sai takardar fansho, sai tambarin gizo-gizo ko na gammo da aka ɓalle daga hannun riga. Da lambar sojan nan ana iya bin sawu. Wanda bai dawo ba ma ana iya neman sunansa a kundin intanet na hukumar kula da kaburburan sojan Kwamanwel, domin da yawa daga cikin waɗanda ba a ga gawarsu ba an rubuta su a bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun. Sannan baki: su mazan jiyan kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, amma 'ya'yansu suna nan a Asawase da Aboabo da Sabon Zongo da Yalwa, masu shekara sittin da saba'in, waɗanda suka ji labarin jirgin ruwa da damina mai wata-wata da jiragen sama masu jefo abinci daga bakin mai shi. Lambar 1900 suna gare ta ba dangi. Ta Bama dangi gare ta ba suna, kuma dangin ba za su jira mu ba.

Labarin waɗannan mutane bai ƙare a Bama ba, shi ya sa nake ganin tauraronsu ya fi kusa da tarihin Gana fiye da yadda ake zato. Sun dawo suka tarar alkawuran aiki da fansho sun zama iska, kaya sun yi tsada. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 suka yi jerin gwano a Accra za su kai wa gwamna kuka a fadar Osu, Baturen 'yan sanda Colin Imray ya buɗe wuta a mararraba, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suka faɗi. Tarzomar da ta biyo baya ce ta kai ga kama Nkrumah da abokansa biyar, shekara tara bayan haka aka sauke tutar Ingila.

To, hanya ta ukun. A watan Agusta 1914 sojan Gold Coast suka shiga Togo ta Jamus, kuma Alhaji Grunshi, wanda daga baya ya kai muƙamin samanja, shi ake lissafawa a matsayin sojan Ingila na farko da ya harba bindiga a wannan yaƙi gaba ɗaya. Jamusawa suka rushe gidan wayarsu na Kamina suka miƙa wuya ranar 26 ga watan. Daga nan sai Kamaru, sai Afirka ta Gabas daga 1916 zuwa 1918. Lambobin wannan yaƙi uku ne: tauraron 1914 zuwa 1915, da ta azurfa mai hoton mahayin doki, da ta nasara mai ƙyalle launin bakan gizo. Dukansu da suna da lambar soja da runduna a jiki. Da yake ta azurfar kaɗai an buga fiye da miliyan shida, farashinsu bai kama ƙafar na Asante ba, ko da yake mai sunan sojan Gold Coast ta fi ta gama-garin Bature wuyar samu. Duk wanda aka ba tauraron an ba shi sauran biyun, saboda haka idan ka ga tauraron shi kaɗai, 'yan'uwansa suna wani wuri, ko kuma ta azurfar ta daɗe da narkewa a maƙera. Ga mai saye ta intanet wanda ba shi da gidan da zai shiga, wannan ce ta fi dacewa da shi: ga suna, ga sauƙin kuɗi, ba kuma nauyin da ke tattare da yaƙin Kumasi.

Maganar jabu ta fi damun mai bin hanyar Asante, domin a nan kuɗin yake. Lamba ta gaske buga ta aka yi da inji, harufanta tsaf suke, filinta sumul. Ta jabu zuba ta ake yi, sai ka ga ƙananan ramuka da harufa masu kumburi, wani lokaci da layin haɗi a gefe. Zagayayyun faɗinsu milimita 36 ne. Idan an kankare wani suna an rubuta sabo, gefen yakan sirance, musamman idan ka gwada shi da wajen maƙalar da ke sama inda zarto ba ya kaiwa. Ɗan madubin ƙara girma da ma'aunin maƙeran zinariya sun ishe ka fara aiki. Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, je ka gidan tarihin soja da ke cikin tsohuwar ganuwar nan ta Adum, wadda aka gina a 1897, ita ce kuma aka yi wa ƙawanyar 1900. Ka tsaya ka kalli na gaske da kyau, ido ya saba.

Ajiya kuwa duk ɗaya ce. Laimar Kumasi ba ta raga wa tagulla, takan sa ta fitar da kore, ƙyalle kuma ya yi funfuna. A sa a akwati mai bushewa, ba cikin leda ba. Kada a goge da toka ko lemun tsami ko man goge ƙarfe. Duhun nan da ya hau ta shaidar shekarunta ne, gogewa tana cinye zane tana karya daraja. Tsohon ƙyalle ko ya koɗe a bar shi, in ma an sa sabo a adana tsohon tare da ita. Wanda ke tunanin fita da irin waɗannan kaya waje ya fara tuntuɓar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, domin fitar da kayan tarihi daga Gana sai da izini.

Idan ni aka tambaya, ɗan Zongo ya fara da Bama, ya kuma fara daga gidansu da gidajen maƙwabta kafin ya leƙa kasuwa. In ya ƙware, kuɗi suka ɗan taru, ya ƙara da ta 1914. Ta 1900 ya bar ta sai ya san abin da yake kallo, ya kuma sayi guda ɗaya mai kyau daga wurin da za su ba shi tarihin hannayen da ta bi, maimakon uku masu shakka.

Sai dai shiga gidan mutane yana da ladabinsa. Ba a yin sallama a ce nawa za ku sayar. A gaisa, a yi wa mamaci addu'a, sannan a ce, "Hajiya, ko Baba ya bar littafinsa na soja? Hotonsa kawai nake so in ɗauka." Sau da yawa hoton littafin da na lambobin, da muryar dattijuwar a waya tana ba da labari da izininta, sun fi mallakar ƙarfen amfani, kuma ba a raba gida da abinsa ba. In su da kansu suka ce za su sayar, a tuna cewa minda gado ce kamar sauran kayan mamaci. Saurayin da ya zaro ta daga adakar kakarsa ya kawo maka da dare ba shi kaɗai ne magaji ba, watakila ma ba ya cikin magadan. A nemi babban gida, a yi ciniki a gaban shaidu, a faɗa musu gaskiyar abin da take yi a kasuwa ko da ba su sani ba, a rubuta 'yar takarda kowa ya sa hannu. Kuma a karɓi lambobin da littafin da hoton gaba ɗaya ko a bar su gaba ɗaya. In mai gida ya ce littafin ba zai fita ba, to lambobin ma su zauna tare da shi.